An sace bayanan inshorar Baba, yanzu ya ce shi da asibiti har abada

Assalamu alaikum Anti. Daga unguwar Bronx ta birnin New York nake rubuto miki. Mahaifina ya haura shekara 70. Ya yi tuƙin tasi a garin nan har ƙarfinsa ya ƙare, yanzu yana zaune a wurina. Yana da ciwon suga da hawan jini, kuma Medicare da Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati, su ne ke ɗauke da maganinsa da ganin likitansa.

Kwanaki ina gyara masa ɗaki na tsinci wata wasiƙa da ta daɗe da zuwa, ko buɗe ta ba a yi ba. Wani kamfani ne da ke yi wa inshorar aiki ya rubuto cewa masu kutse sun shiga kwamfutocinsu, kuma cikin abin da aka kwashe akwai sunan Baba, ranar haihuwarsa, lambar Soshal ɗinsa (Social Security, lambar shaida da gwamnatin Amurka ke ba mutum), lambar katinsa na Medicare da wasu bayanan jinyarsa. Da na yi masa maganar sai ya yi shiru. Daga baya ya ce mini wata mata ta taɓa kiransa, ta faɗi cikakken sunansa da ciwonsa, ta ce za a aiko masa sabon kati na roba, ya karanto mata lambar tsohon don ta tabbatar shi ne. Ya karanta mata. Bayan nan aka kawo kwali biyu na bel ɗin ɗaure baya da na gwiwa, abin da bai nema ba, ya tura su ƙarƙashin gado.

Na gaya wa Yayana da ke wata jiha, ya kira Baba ya yi masa faɗa kamar yaro, ya ce in karɓe wayarsa da katinsa. Tun ranar Baba ya ce a cire shi daga inshorar, ba zai ƙara taka asibiti ba tunda sun sayar da asirinsa. Ya riga ya ƙi zuwa ganin likita, maganinsa kuma ya kusa ƙarewa. Maigidana kuma cewa yake wasiƙar ma damfara ce, in yaga ta. Anti, ta ina zan fara?

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi da shi.

Ki fara da maganin. Cikin duk abin da kika zayyano, shi ne ba ya jira. Satar bayanai takan jawo wa mutum wata da watanni na kiran waya da cike takardu, amma ana fita. Mai suga da hawan jini da ya yanke magani kuwa, shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda ba su san ana shari'a da wani kamfani ba. Yau ɗin nan ki kira kantin da yake karɓar magani a sabunta masa, ki kira ofishin likitan a sake ba shi rana. Katin da ke hannunsa yana aiki har sai an ba shi wani.

Sannan a zaunar da shi a nuna masa cewa fita daga inshorar ba zai goge ko harafi ɗaya daga hannun ɓarayin ba. Abin da suka kwafa sun kwafa. In ya fita, su suna nan da bayanansa, shi kuma ya tashi ba likita ba magani. Komawa ma ba kullum take da sauƙi ba: wanda ya ajiye sashen B na Medicare, wanda ke biyan ganin likita, yakan jira lokacin rajista kafin ya koma, kuma ana iya ƙara masa kashi 10 cikin 100 a kuɗin wata kan kowace cikakkiyar shekara da ya yi a waje.

Maganar da ya yi cewa sun sayar da asirinsa, kada ki yi masa gardama kai tsaye, don akwai ciwo na gaske a cikinta. Amma ki bayyana masa hanyar da bayanan ke bi. Likita ya duba mutum, sai takardar neman biya ta bi ta hannun 'yan kwangila iri-iri kafin kuɗi ya fito: masu tantance lissafi, masu sauraron ƙorafi, masu tura fayil daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Mara lafiya bai san sunansu ba, bai kuma zaɓe su ba, kuma sau da yawa ta wurinsu ake shiga. A ƙarshen watan Mayun 2023 wani gungun masu kutse da ake kira Clop ya gano kafa a manhajar tura fayil mai suna MOVEit. Ta wannan kafa ɗaya aka taɓa kamfanin Maximus, inda hukumar CMS mai kula da Medicare da Medicaid ta fara sanar da mutum kusan 612,000. Ta nan aka kwashi bayanan sama da mutum miliyan 4 a hukumar Medicaid ta jihar Colorado, da miliyan 1.7 a shirin lafiya na jihar Oregon. Wani ɗan kwangilar a jihar Wisconsin, WPS, sai a watan Satumban 2024 aka aika wa mutum 946,801 wasiƙa kan kutsen da aka yi masa fiye da shekara guda kafin nan. A watan Fabrairun 2024 kuma aka shiga Change Healthcare, reshen kamfanin UnitedHealth, aka taɓa bayanan mutum wajen miliyan 190, fiye da rabin al'ummar Amurka. Shugaban UnitedHealth na lokacin, Andrew Witty, ya amsa a gaban majalisar dokoki cewa ƙofar da aka bi ba ta da mataki na biyu na tantancewa, irin lambar nan da ake turo wa mutum a waya kafin ya shiga asusunsa, kuma sun biya fansar dala miliyan 22.

Na jero miki waɗannan ne don Yayanki ya ji. Na san abin da zai ce: in ɓera da sata, daddawa ma da wari. To daddawar nan ba a ɗakin Baba aka bar ta a buɗe ba. Kafin matar nan ta ɗaga waya, an riga an kwashi sunansa da ciwonsa daga wurin mutanen da aka biya maƙudan kuɗi don su tsare su. Dattijo ya ji an ambaci cikakken sunansa da cutar da ke damunsa, wa zai zaci ɓarawo ne? Masu digiri da Turanci ne harshen uwarsu ana yi musu haka kullum.

Ga abin da ya kamata Baba ya riƙe, ke ma ki riƙe. Medicare ba ta kiran mutum haka kawai ta ce ya karanto lambarsa. Katinta na takarda ne, babu wani na roba ko mai ƙarfe a jiki da ake rabawa, kuma ba a biyan ko sisi kan sabon kati. Tun 2018 aka fara cire lambar Soshal daga katin aka sa wata mai harafi da lamba 11, kuma alherin da ke cikin wannan canji shi ne ita wannan lambar ana iya sauya ta in ta faɗa hannun da bai dace ba.

Kwalayen da ke ƙarƙashin gado su ne shaidar abin da aka yi da lambar. Sana'ar tsohuwa ce. A samu lambar mutum, a samu sa hannun wani likitan da bai taɓa ganinsa ba, a aiko da kaya masu araha ko ma kada a aiko, sannan a caji gwamnati kuɗi mai yawa. A 2019 hukumomin Amurka suka fasa wani gungu da ya yi haka da bel ɗin baya da na gwiwa, kuɗin ya haura dala biliyan 1.2. A 2025 ma'aikatar shari'a ta bayyana wani gungun da ya nemi a biya shi dala biliyan 10.6, akasari kan robar fitsari, da sunayen sama da mutum miliyan ɗaya da aka sace. Mutane kan ce ai kuɗin gwamnati ne, ina ruwana. Da ruwan Baba. Ran da bayansa ya riƙe da gaske likita ya rubuta masa bel, ana iya cewa ai an riga an ba shi. Abin da ya fi wannan muni, don a halatta kayan sai an ƙaƙaba masa wata cuta a takarda, kuma cutar ƙarya in ta zauna a kundin mai suga tana iya ruɗa likitan da zai duba shi gobe. Don haka kada a zubar da kwalayen, kada kuma a kira lambar da ke jikinsu. Ki ɗauki hoton sunan kamfanin da ya aiko da duk takardar da ke ciki, ki ajiye.

Maigidanki ya yi daidai da ya yi shakka, amma kada a yaga wasiƙar. Dokar sirrin mara lafiya ta Amurka, HIPAA, ta wajabta a sanar da mutum cikin kwana 60 bayan an gano an taɓa bayanansa, kuma ta gidan waya ake yawan yi. Duk kutsen da ya shafi mutum 500 ko fiye, ma'aikatar lafiya tana sa shi a wani jeri da kowa zai iya dubawa a intanet, ki nemi sunan kamfanin a can. Wasiƙar gaske ba ta neman kuɗi ko lambar katin banki. Takan zo da tayin sa ido kan kundin bashin mutum kyauta na shekara ɗaya ko biyu, tare da ranar rufe rajista, kuma tunda taku ta daɗe a ɗaki, ki duba ko ranar ta wuce. Sai kin tabbatar da wasiƙar sannan ki yi rajistar, domin wurin yin ta za a nemi lambar Soshal.

Kira mafi muhimmanci shi ne na 1-800-MEDICARE, lambar da ke jikin katinsa. Ki yi shi Baba na zaune kusa da ke, ya faɗa da bakinsa ya yarda a yi magana da ke. In Turancin waya na ba shi wahala a nemi tafinta, kyauta ne. Ki faɗi wasiƙar, ki faɗi matar da ta kira, ki faɗi kwalayen, ki nemi a sauya masa lamba. Akwai fom mai lamba CMS-10106 da zai sa wa hannu don nan gaba su riƙa amsa miki ko ba ya kusa. In sabon kati ya zo, a kai lambar wa likita da kantin magani da duk wani shirin inshora da yake ciki, a yayyaga tsohon. Medicaid kuwa ta jiha ce, ofishinta daban, sai ki kira lambar da ke jikin nata katin ki maimaita bayanin. Kuma ki buɗe masa asusu a Medicare.gov tun wani bai riga ku ba. A 2025 hukumar CMS ta sanar da cewa an buɗe wa mutum kusan 103,000 irin wannan asusu ba da saninsu ba. In abin ya yi miki yawa, kowace jiha tana da shirin Senior Medicare Patrol, taimaka wa mutane kan irin wannan damfara shi ne aikinsu, kuma ba sa karɓar kuɗi.

Lambar Soshal ita ce mai wuyar sha'ani, don da ƙyar ake sauya wa mutum ita. Abin da ake yi shi ne a hana ta amfani a hannun ɓarawo. Manyan kamfanoni uku ne ke riƙe da kundin bashin mutane, Equifax da Experian da TransUnion, kuma tun 2018 doka ta ce garƙame kundin kyauta ne, buɗe shi ma kyauta. In an garƙame, wanda ya je neman katin bashi ko rance da sunan Baba sai a kasa duba kundin, a ƙi ba shi. Sai an yi a kowane ɗaya daga cikin ukun. Ni a wurina wannan ya fi sa idon da kamfanin ya yi tayi, domin sa ido sai an yi ɓarnar yake gaya maka. Dattawanmu da yawa ba sa cin bashin ruwa, ba su da niyyar ci, don haka garƙamewar ba ta rage wa Baba komai ba, kuma ba ta taɓa inshorarsa ko asusun bankinsa. Ki ciro rahotonsa kyauta a AnnualCreditReport.com ki ga ko akwai bashin da bai sani ba. In akwai, IdentityTheft.gov na hukumar FTC mai kare masu saye zai ba ki takardar rahoto da matakan bi. Hukumar haraji ta IRS ma tana ba da wata lambar sirri mai alƙaluma 6 da ake sabuntawa duk shekara, wadda ke hana wani cike takardar haraji da sunansa. In kuma masu karɓar bashi suka fara kira kan jinyar da bai yi ba, kada a biya ko dala ɗaya don a rabu da su. A ce su aiko a rubuce, kuna da kwana 30 ku musanta a rubuce.

Yanzu bari mu zo kan abin da na fi so ki tsaya a kai, wato shi kansa Baba. Mutumin da ya bar gida ya zo ƙasar wasu, ya yi shekaru yana tuƙi dare da rana ya raini 'ya'ya, yau ɗan cikinsa na ɗaga masa murya a waya. Ki lura, tun kafin faɗan ya tura kwalayen ƙarƙashin gado. Kunya ce ta sa shi ɓoyewa, faɗa kuma ƙara ta yake yi. Kuma mutanen nan za su sake kira, domin lambar wayar da ta taɓa amsa musu takan zagaya a tsakaninsu. Wannan karon za su iya cewa su jami'an bincike ne, sun ji an damfare shi, ya ba su bayanin banki a mayar masa da haƙƙinsa. Ran da aka yi wannan kiran, abin da zai cece ku shi ne Baba ya ajiye waya ya ce miki, wance, an kira ni an ce kaza. Wanda aka wulaƙanta kan kiran farko ba zai faɗi na biyu ba.

Saboda haka ban goyi bayan a karɓe masa waya ba. Da ita yake jin muryar 'yan'uwansa na gida da abokan zamansa na masallaci. Ki raba shi da ita kin ƙara masa wata cutar. A saita ta yadda lambar da ba ta cikin ajiya ba za ta yi ƙara ba, bayan kin tabbatar an ajiye ta likita da ta kantin magani. Sannan ku yi yarjejeniya a kan jimla ɗaya tak da zai riƙa faɗa wa duk baƙon da ya ambaci inshora ko banki: 'yata za ta kira ku. Ya kashe. Mutanenmu na jin nauyin katse wa mutum magana, ki gaya masa a wannan wurin ba rashin ladabi ba ne. Wasiƙu kuma a samar musu wuri ɗaya a falo, ku riƙa buɗewa tare a ranar da kuka tsayar. Wataƙila Turancin hukuma ne ya sa ya ture waccan gefe, ba sakaci ba. Amma in kin lura yana yawan mantuwa, yana ɓatar da kuɗi ko yana maimaita tambaya fiye da da, wannan likita za ki gaya wa, a keɓe.

Akwai kuma wani abu mai laushi da nake so ki yi hattara da shi. Daga yanzu sai an riƙa karanta takardar lissafin da Medicare ke aikowa, layi bayan layi, ana duba kowace rana da kowane likita da kowane gwaji, domin a nan ake kama cajin ƙarya. Zai kuma yi kyau a nemi kwafin kundinsa daga wurin likita a ga ko an cusa abin da ba nasa ba, doka ta ba shi damar gani da neman a gyara. To duk wanda ya karanta waɗannan takardu ya ga komai na jikin mutum. Namiji mai shekara 70 yana iya samun lalurar da bai taɓa faɗa wa 'yarsa ba, kuma ba ya so ta sani. Da ya ce an sayar da asirinsa, wataƙila abin da ke cin ransa ke nan. Kada ki zama ta biyu da za ta shiga asirin nasa ba sallama. Ki nemi izininsa a fili: Baba, in duba ko kuwa ka fi so wani ya duba maka? In ya zaɓi maigidanki, ko wani amininsa, ko ma'aikacin shirin Senior Medicare Patrol da na ambata, kada ranki ya ɓaci. Abin da kika gani kuma ya tsaya a wurinki, kada ya shiga zauren WhatsApp na dangi da sunan neman addu'a.

Wataƙila nan gaba ku ga wasiƙar lauyoyi cewa an kai kamfanin ƙara a madadin duk waɗanda abin ya shafa. Ba laifi a cike in an tabbatar ta gaske ce, amma ta gaske ba ta neman a biya komai, kuma abin da ke isowa hannun mutum ɗaya yawanci bai taka kara ya karya ba.

Shi kuma Yaya, tsoro ne ya fito masa ta hanyar faɗa, ga nisa, ga ba abin da ya iya yi daga inda yake. Duk da haka sai ya ba Baba haƙuri, don ina kyautata zaton wannan ne zai mayar da Baba asibiti fiye da duk bayanin da na yi a sama. In kina jin nauyin gaya masa a matsayinki na ƙanwa, ki sa kawu ko wani aminin Baba ya yi masa magana. Sannan ki ba shi aiki a hannu: garƙame kundin nan a kamfanoni uku ana iya yin sa daga kowace jiha, shi a kan kwamfuta, Baba a kan waya yana ba shi amsa. Ki ce ya kira bayan la'asar ranar da ba ya aiki, ya fara da gaisuwa da ban haƙuri kafin ya tambayi ko lamba ɗaya.